Yadda Mai Gyaran Agogo Ya Cire wa Kaka Kurkunu

Da sunan Allah da ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Wanda bai taɓa ganin kurkunu da idonsa ba ya ƙara gode wa Allah. Ni na gani, na yi jinyarsa kusan wata uku a ƙafar kakata, kuma har gobe in na ga farin zare yashe a ƙasa sai tsigar jikina ta tashi. Yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba. Tsutsa ce fara, siririya, doguwa, a ruwan tafki ake shan ta ba a sani ba. Sai ta shekara a jikin mutum shiru, sannan ta huda fata ta leƙo, yawanci a ƙafa. Ba a fizgo ta. A jikin tsinken ashana ake naɗe ta kaɗan-kaɗan kullum, in kuwa ta katse a ciki, an shiga uku. Na rubuta wannan ne saboda masu ɓoye ciwo don kunya da masu gaggawa wajen jinya. Gidanmu mun haɗa duka biyun, kuma saura ƙiris mu biya da ƙafar tsohuwa.

Lokacin garinmu Lafiya yana cikin Jihar Filato, ni kuma na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, shi ya sa ba mai kiran sunana na yanka a gidan. Uwani ake ce mini, ita kuwa Kaka Takwara take kira na. Babana mai gyaran agogo ne, yana da 'yar rumfa da akwatin gilashi a bakin kasuwa. Mutum ne shiru-shiru. In ya maƙala ɗan madubin nan a ido ya sunkuya kan agogo, ko gobara ake yi sai ya ɗaure ƙusar da yake ɗaurewa kafin ya ɗago.

Baba shi ne ɗan farin Kaka, kuma Kaka mutuniyar da ce ta gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. Sunansa Idi, to ko Sallah ta zo ba za ka ji ta ce an tafi idi ba, sai dai ta ce an tafi fili. Ana yaye shi aka kai shi Kwandere wurin kakarsa, can ya girma. In ya je gaishe ta a ƙauyensu da ke bayan Adogi, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa wa bango. In tana da saƙo sai ta ce, "Takwara, gaya wa wancan mutumin kaza," alhali wancan mutumin yana tsugune taku uku daga inda take. Amma Baffa Auta, ƙanin Baba, direban a-kori-kura, shi da gemunsa da komai yake matashi da cinyarta tana yi masa fifita.

Wata safiya cikin bazara, mangwaro ya nuna har tattaka shi ake a hanya, Baba yana shirin fita sai ga Mama Doshima. 'Yar Tibi ce, gonarta tana jikin ta Kaka, shekara da shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya. In ta tafi coci ran Lahadi Kaka ce ke tsare mata awaki. Ta sauke kwandon doya, ko ruwa ba ta sha ba, ta tsaya a gaban keken Baba.

"Mai agogo, mamanka ba shi da lafiya," in ji ta da irin Hausarta. "Ƙafa ya kumbura, sati uku bai je gona ba. Ya ce in na faɗa maka, ni da shi mun rabu. To mu rabu ɗin."

Ashe Baffa Auta yana kan hanya tun watan jiya bai leƙa ƙauye ba, ita kuma Kaka ta gwammace ta mutu a ɗaki da a ce ta aika wa ɗan fari cewa ba ta da lafiya. Baba ya jingine keke ya tafi tasha neman ƙaninsa. Kafin azahar ni da Baffa muna ƙauye.

Mun tarar da ita zaune, ƙafar dama cikin kaskon ruwa, don ruwan sanyi kaɗai ke rage mata raɗaɗi. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

"Wa ya aiko ku?"

"Baba," na ce.

"Wa ya gaya wa wancan?"

"Tsuntsuwa ce ta kawo labari, Kaka."

"Na san tsuntsuwar. Mai kwandon doya ce." Ta juya harshe zuwa Gwandara ta wanke Mama Doshima tas, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci. Baffa ya ɗauke ta cak ya sa a gaban mota tana faɗa. Ta ce ba inda za ta sai da buhun agushinta da ba a ɓare ba, ita ba za ta je gidan mutane ta naɗe hannu ba. Aka ɗora buhu.

Makon farko, duk wanda ya zo dubiya likita ne. Wannan ta ce manja da toka, waccan ta ce a daka ganyen gwanda a ɗaura, wani tsoho ya ce ba abin da ya fi sakiya, a ɗora ƙarfe a wuta a huda wurin. Inna, mahaifiyata, ta dama kunu har hannunta ya gaji, don mai kawo shawara ba ya tafiya da yunwa. Ana cikin haka wani bororo da ya tasa a ƙwaurin Kaka ya fashe, kan tsutsa ya leƙo. Kaka ta kafa doka: ni da Auta kaɗai za mu taɓa ta. Baba ta taga yake jin yadda ake ciki.

Baffa ya naɗe kan tsutsar a tsinken ashana, kwana uku yana murzawa kaɗan-kaɗan, lafiya ƙalau. Ran na huɗu lodin doya yana jiran sa a Obi, tun da safe yake duba agogon hannunsa, wanda ma Baba ne ya gyara masa. Tsutsar ta cije. Baba ya ce ta taga, "Auta, in ta ƙi a bar ta sai gobe."

"Haba Yaya, abu kamar zaren ɗinki? Yau zan gama da ita in huta."

Ya ja. Sai ji na yi ya ce, "Af." Guntu ya rage a tsinke, sauran ya koma ciki. Ni na san an yi ɓarna, don na ga yadda Inna ta dafe ƙirji. Amma Kaka cewa ta yi, "Ba komai, Autana, ba laifinka ba ne, tafi kar ka makara." Wallahi ranar na ji haushin tsohuwar nan. Na ce a raina, da wani ne ya yi, da yanzu ana jiyo Gwandara har bakin titi.

Kwana biyu tsakani ƙafa ta haye har gwiwa, ta yi suntum tana ƙyalli, zazzaɓi ya rufe Kaka har ba ta gane mai shigowa. Sai asibiti. Mun fita ana idar da sallar asuba, muna ganin mun yi sammako, muka tarar layin kati ya kai gindin bishiya. Mai yankan katin ya zo a makare, ya yanka wa mutum goma, ya tafi karin kumallo. Kaka tana kwance a kan benci, kanta a cinyata, ƙuda suna bin ƙafar ina kora da mayafi. Ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Maganin da aka rubuta kuma babu ko ɗaya a asibitin, sai kemis na waje. Kuɗi suka yi ta fita, har rediyon Baba ya bi su. Wannan ƙorafina ne, kuma ban janye ba.

Amma in na yi ƙorafi dole in yi godiya. Akwai wata nas 'yar ƙabilar Eggon, bakinta kamar reza, ta zage mu tas a kan me ya sa muka zauna har ƙafa ta zama haka. Ita ce kuma ta riƙe Kaka a ƙirjinta lokacin da likita ya tsaga wurin, mugunya ta cika kwano. Ita ce ke wanke ciwon safe da yamma ba ta taɓa yamutsa fuska ba, har kunun gyaɗa ta kawo wa Kaka daga gidanta. Ban san inda take yanzu ba. Allah ya saka mata da alheri, ya jiƙan iyayenta.

Kwanan Kaka biyar a gado, zazzaɓi ya sauka. Ran da za a sallame mu likita ya danna wajen idon sawunta, ya kira mu ya nuna mana wani layi da ya tasa a ƙarƙashin fata, a murɗe.

"Ga wata nan tafe," in ji shi. "Ba ni da allurar da ke kashe ta. Maganinta hannu mai haƙuri. Wannan a kan gaɓa take. In ta katse kamar waccan, ba zan yi muku alkawarin ƙafar nan ba."

Maganar nan ta zauna mini daram, har yau da muryarsa nake jin ta. Ya ce su ba su da wanda zai zauna awa guda kan ƙafa ɗaya kullum, ga masu jiran gado a ƙasa. Ya tambaya wa ya fi kowa sanyin hannu a gidanmu. Ni da Inna da Baffa Auta, ba wanda ya yi shawara da wani, duk muka juya muka kalli bakin ƙofa, inda Baba yake tsaye riƙe da hularsa. Kaka ma ta gane inda muka kalla. Ta juya fuska bango.

"Takwara, gaya musu gara a yanke."

Likita ya ɗauka zafin ciwo ne. Mu mun san da gaske take.

Muka koma gida da aidin da bandeji da wannan magana. Kwana shida ina lallashi. Na ce, "Kaka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta ce in rufe mata baki, marar kunyar yarinya, 'yan boko ba su san komai ba. Ta ce ni in yi. Na gwada naɗe zare a tsinke don koyo, ko zaren ma na kasa naɗewa daidai, don ina tuna "Af" ɗin Baffa. Inna ta ce ita hannun daka gare ta. Baffa kuwa ko an ba shi ba zai karɓa ba, tunda abin ya faru ko abinci ba ya iya ci sosai.

Ran Juma'a da safe bororon idon sawu ya fashe, kan tsutsa ya leƙo, bai fi tsawon farce ba. In ba a kama shi ranar ba zai iya komawa. Baba bai fita kasuwa ba. Ya dafa hantsakinsa na agogo a ruwan zafi, ya wanke hannu, ya zauna a benci a tsakar gida, kayan aiki a cinya. Kaka tana rumfar da ke tsakar gidan ta lulluɓe ƙafa da zani ta ba shi baya. Rana tana ta ɗagawa. Ban taɓa jin tsoro irin na safiyar nan ba.

Allah ya kawo Mama Doshima. Tun da aka kawo Kaka gari take zuwa duk mako, Kaka ba ta amsa gaisuwarta, ita kuma ko a jikinta. Ta dubi Baba, ta dubi Kaka, na gaya mata yadda ake ciki.

"Mama Auta," ta ce, "kai ne ka haife shi ko shi ne ya haife ka? Wannan kunya naku zai ci ƙafa. In an yanke, wa zai raka ni gona? Ni ba zan ɗauke ka a baya ba."

Kaka ta yi kamar da bango ake. Mama Doshima ta warware zanin da ta yi gammo da shi, wani shuɗi mai zanen kifi, ta kakkaɓe, ta rataya a igiyar shanya da ta ratsa bakin rumfar, ya sauko har ƙasa. Kaka ta koma ciki, mu muna waje.

"Ido ne yana jin kunya," in ji ta. "Ƙafa ba shi da ido." Sannan ta ɗaga murya kamar mai shela: "Malamin asibiti ya zo. A kawo ƙafa."

Ƙannena suka fara dariya, Inna ta harare su. Baba ya matso da kujera 'yar tsugunno gaban zanin ya zauna. Muka jira. Ni dai na ƙirga kifayen zanin nan sun fi sau uku. Can sai muryar Kaka, ƙasa-ƙasa:

"Takwara, malamin ya wanke hannunsa kuwa?"

"Ya wanke da sabulu, Kaka."

Sai ga ƙafa ta fito ta ƙarƙashin zani, a hankali.

Abin da na gani a lokacin ban taɓa gaya wa Baba na gani ba. Mutumin da ke ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba hannunsa bai motsa ba, ya miƙa hannu zai taɓa ƙafar nan sai yatsunsa suka kama rawa. Ya haura shekara arba'in, rabonsa da taɓa jikin uwarsa tun yana shan nono. Ya janye hannun ya ɗora a gwiwarsa har ya natsu. Tausayinsa ya kama ni, na juya kamar ina gyara bokiti don kar a ga idona. Sannan ya yi bisimilla, ya maƙala madubinsa, ya kama kan tsutsar da hantsaki ya naɗe a tsinke, ya manne da filasta.

Daga ranar gidanmu ya samu sabon tsari. Da hantsi, in haske ya shigo rumfa sosai, sai a rataya zani. Baffa Auta, wanda aka yanke wa hukuncin ɗebo ruwa, ya kawo bokitin ruwan randa mai sanyi a tsoma ƙafar. Baba ya shafa man kaɗanya ya bi hanyar tsutsar da babban yatsa yana murzawa, sannan ya juya tsinke. Wata rana a samu tsawon gaɓar yatsa, wata rana rabin haka. Na tambaye shi yadda yake sanin inda zai tsaya. Ya ce, "Kamar wanin agogo ne, Uwani. Kafin ya katse yana gaya maka, in kana saurare." Ruwan bokitin kuma ba a zubarwa a kwata, rami Baffa yake haƙawa nesa da rijiya, haka nas ta ce.

Da yake aikin yana cin awa guda, Kaka ta ce ba za a zauna ana kallon ƙafarta kamar ta amarya ba, a kwance buhun agushi. Sai kowa ya ɗauki faifai. Inna, ni, ƙannena kafin su tafi makarantar rana, Baffa in ba shi da lodi, Mama Doshima ran kasuwa, har maƙwabta suka gane suka riƙa shigowa da kujerunsu. Masu agogo ma suka koyi biyo Baba gida, a miƙa musu faifai su ma. Ana ɓara ana tsokanar Baffa. In ya miƙa hannu zai ɗauki ƙosai sai Inna ta ce, "A hankali dai, Auta, kar ya katse." Tunda nake a gidan nan ban taɓa ganin mun zauna wuri ɗaya muna dariya haka ba. Da Baba fita yake da sassafe ya dawo bayan magariba, Kaka kuma in ta zo gari kwana biyu take yi a ƙuryar ɗaki ta koma.

Saƙo kuwa duk ta kaina yake bi. "Takwara, gaya wa malamin nan hannunsa da sanyi." "Uwani, gaya wa mai ƙafa ta daina motsa yatsu." Na zama gidan waya, har na ce sai an fara biya na.

A mako na uku da fara naɗin, Kaka ta soma wani abu. Tana bayan zani, ba mai ganin fuskarta, sai bakinta ya buɗe.

"Takwara, akwai wani jariri da na sani da. Ba ya barci sai an riƙe masa babban yatsan ƙafa. In an saki ya farka."

"Ɗan wa ne, Kaka?"

"Ɗan wata ce. Ina ruwanki."

Washegari ta ɗora. Ta ce ran da aka zo tafiya da yaron Kwandere, uwar tana daka a tsakar gida tana dariya da mutane, don kar a ce ba ta da kunya. Sai da aka ɓace da shi ta zaga bayan rumbu ta cusa zani a baki. Ta ce daga nan duk bayan 'yan makonni sai uwar ta ce daddawarta ta ƙare, kuma ita ba ta cin kowace daddawa sai ta Kwandere. Ta fita da asuba a ƙafa, ta je ta tsaya gindin wata ɗorawa ta hango shi yana wasan ƙasa, ta sayi daddawa ta juyo.

"Daddawa ta taru a tulu har mijinta ya ce ko sana'a za ta fara," in ji Kaka. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Baba bai ɗago ba, sai dai tsinken ya tsaya a hannunsa. Can ya ce, "Uwani, tambayi mai ƙafa, yaron ya taɓa ganin matar?"

Ban ma maimaita ba ta amsa. "Sau ɗaya. Ya biyo ta yana kallon bakin zaninta. Ta kwance ƙuli-ƙuli ta ba shi, ta gudu kar a gan ta."

"Gaya mata yaron ya tuna," in ji Baba. "Guda uku ne, masu yaji. Ya daɗe yana zuwa gindin ɗorawar nan ko za ta dawo."

Ba wanda ya ƙara ɓare agushi ko ɗaya. Daga bayan zani sai jan hanci ake ji. Mama Doshima ce ta cece mu, ta fyace majina da ƙarfi ta ce hayaƙin murhun Inna ya cika yawa, alhali ko wuta ba a hura ba.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A mako na biyar tsutsa ta cije, kwana huɗu ko ƙwayar shinkafa ba ta ƙaru ba, wurin ya fara ja. Hankalin kowa ya tashi. Wata gwaggon Baba, ba ta yi shawara da kowa ba, ta zo da wanzami da ƙarfensa, wai a yi sakiya a huta. Har ya nemi garwashi. Baba ya miƙe tsaye tsakaninsa da zanin.

"Ba mai taɓa ƙafar nan."

"Idi, ni kake gaya wa haka?" in ji gwaggo. "Kai likita ne? Agogo kake gyarawa."

Ban taɓa jin Baba ya musa wa babba ba sai ranar. Ya ce ta yi haƙuri, amma ba mai taɓawa. Gwaggo ta juya wajen zani tana neman mai goya mata baya. Kaka ta yi gyaran murya.

"Takwara, ba wanzami goro ya kama hanya. A bar wa mai aiki aikinsa."

Baba ya koma ya zauna, kunnuwansa har wani motsi suke don daɗi, yana ta ƙoƙarin ɓoyewa. Ya riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi kafin a tsoma a ruwan sanyi, bai ja ko kaɗan ba. Ran na biyar ta saki da kanta.

Ran wata Talata, mako na bakwai, yana cikin juya tsinke sai muka ga wutsiyar ta zamo waje, siririya, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Baba ya ɗaga ta sama ya duba da madubi ya tabbatar ba abin da ya rage. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Uwani, gaya mata ta fita duka." Inna ta rangaɗa guɗa. Da aka warware ta daga tsinke, ta kai daga yatsan Baba har kafaɗarsa ta ɗaya gefen. Ƙannena suka zaga da ita gidajen maƙwabta kafin a jefa a wuta. Baffa Auta ya fita a guje ya dawo da zakaru biyu, ya ce shi ma yau zai ci abinci ya ƙoshi. Kaka ta leƙo ta gefen zani ta ce da Mama Doshima, "Ke kuma tsuntsuwa, matso ki ci, na yafe miki." Mama Doshima ta ce ita ba ta yafe ba tukuna, sai an ba ta cinya.

Bari in sauke nauyin da ya sa na ɗauki alƙalami. In tsohonku yana ƙauye, kada ku jira ya aiko, musamman in mai kunya ne, ku je ku yaye zanin ku duba da idonku. Ruwan tafki a tace da ƙyalle mai kyau ko a tafasa, mai ciwon kuma kada ya tsoma ƙafa inda mutane ke ɗiba. In ana jinya, a nemi mai haƙuri, ba wanda marar lafiya ya fi so ba. Ƙafar Kaka ta tsira. Da muka koma asibiti likita ya lanƙwasa ta ya miƙe ya ce sai dai ɗan ɗingishi, kuma da ɗingishin nan ta yi noma shekaru masu yawa bayan haka.

Amma wannan duk daga baya ne. Washegarin ran da tsutsa ta fita, da sassafe, Inna ta zo za ta kwance zanin Mama Doshima ta wanke a mayar mata. Kaka ta ce daga ciki, "Bar shi tukuna, rana tana damu na." Rana kuwa ko kusa da rumfar ba ta kai ba. Baba ya riga ya sa hula, ya ɗaure akwatin aiki a bayan keke. Sai ya tsaya yana danna tayar gaba, ya danna ta baya, ya koma ta gaba, tayoyin da jiya-jiya aka ba su iska. Buhun agushi ya ƙare, ba bokiti, ba tsinke, ba wani dalilin zama. Duk muka yi cirko-cirko a tsakar gida, ni dai zuciyata ba daɗi, na ga shi ke nan kowa zai koma inda yake da.

Sai zanin ya motsa. Ƙafa ta fito ta ƙarƙashinsa, ta hagu, lafiyayyar, wadda ko ƙurji babu.

"Takwara, gaya wa malamin nan, wannan ma tana ɗan yi mini tsami."

Baba ya jingine keke. Ya wanke hannu da sabulu, ya jawo kujerarsa, ya ɗora ƙafar a cinya. Ya maƙala madubi ya duba ta tun daga diddige har yatsu, da gaske, kamar an kawo masa agogon da ya gagari kowa. Sannan ya lakato man kaɗanya.

"Uwani, gaya mata wannan aikin zai ɗauki lokaci."

Ranar sai bayan azahar ya buɗe rumfarsa ta kasuwa.